WURI NA GUGAR WURI: TARIHIN KUƊIN DA KAKANNINMU SUKA BARO A GIDA



Ranar nan ina zaune a wajen wani ɗaurin aure a Gangare sai na ji waliyyin ango ya ce an biya sadaki lakadan, kuɗi wuri na gugar wuri har naira dubu kaza. Wani yaro da ke gefena, ɗan jami'a ne ma kuwa, ya sunkuyo ya ce mini, "Baba, wai wane wuri ne ke gugar wani wurin?" Na dube shi na ga har cikin zuciyarsa yake tambaya. A zatonsa wurin zama ake nufi. Ban ga laifinsa ba, domin kuwa Hausa tana da wuri har uku: akwai wurin da ake zama, akwai wurin da ake cewa a zo da wuri, sannan akwai wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda shi ne tilo, jam'insa kuwa shi ne kuɗi. Wato duk ranar da ka ce kuɗi, to sunan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na cikin teku ka kira, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Ni dai na yi sa'a na san wuri tun ina yaro, saboda kakata, Allah Ya jiƙanta, tana da wani tsohon gwangwanin alewa da ta cika da shi tana ajiyewa a ƙarƙashin gado. Daga ƙasar Zazzau aka kawo ta Jos tana yarinya. In ta so mu yi shiru sai ta zazzage mana shi a kan tabarma mu yi ta ƙirgawa. Bari in sifanta shi saboda yaran yanzu.

Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, wato inci ɗaya ko ƙasa da haka. Fari ne, wani kuma da ɗan ruwan ɗorawa, yana sheƙi kamar an shafa masa mai, santsinsa kamar na tangaran. Bayansa a tashe yake kamar doro, gefe da gefe akwai 'yan ƙulli-ƙulli. In ka juya cikinsa kuwa sai ka ga a shafe yake, da wata tsaga doguwa siririya tun daga wannan kai har wancan, leɓunanta biyu duka da 'yan haƙora a jere kamar bakin zarto. Ba ya da murɗaɗɗen tsini irin na katantanwar da muke tsinta a bakin rafi da damina. Yana da murɗin tun yana ƙarami, amma in ya girma sai bakin ya naɗe ciki ya rufe shi. Sheƙin nan kuwa ba wani ne ya goge shi ba. Dabbar da ke ciki tana da wata fatar nama da take fitarwa ta cikin tsagar, ta lulluɓe gidan ta dama da hagu har su haɗu a bisa doron, ita ce ke ta shafa masa sabon rufi tana hana shi dakushewa. Ikon Allah ke nan. Wani Bature masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi a 1758, ya ce masa moneta, wato kuɗi, domin tun a zamaninsa an san aikinsa ke nan.

To, ina yake zaune? A nan abin mamakin yake. Mu nan Jos muna kan dutse ne, sama da ƙafa dubu huɗu daga tsayin teku, tsakaninmu da bakin ruwa kuwa ɗaruruwan mil. Sannan ko ka je Ikko ko Fatakwal ka shekara kana tonon rairayi, ba za ka samu wannan wuri da ransa ba, saboda ba ɗan wannan teku ba ne. Gidansa Tekun Indiya da Tekun Pasifik, a ruwa mai ɗumi marar zurfi, inda igiya ke janyewa ta dawo, cikin duwatsun murjani da ciyayin ruwa. Da rana ya laɓe a ƙarƙashin dutse, da dare ya fito kiwon gansakuka. Inda ya fi yawa, inda kuma aka fi ɗibarsa don ciniki, su ne tsibiran Maldib da ke kudu maso yammacin ƙasar Indiya, 'yan ƙananan tsibirai sama da dubu, mutanensu Musulmi.

Yadda suke kama shi ma abin dariya ne don sauƙi. Sai su sari ganyen kwakwa su shimfiɗa a ruwan bakin gaɓa. Dodon koɗin ya bi ya hau ya maƙale. Bayan wani lokaci su jawo ganyen tudu, su bar shi a rana ko su binne a rairayi har naman ya ruɓe, su wanke, su ƙulla a cikin ƙunshin ganyen kwakwa. Shi ke nan an buga kuɗi, babu maƙera babu inji. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya sauka a tsibiran a 1343, har ya yi musu alƙalanci. Ya ba da labarin cewa a can wuri 400,000 ake bayarwa a kan dinari ɗaya na zinariya, wani lokaci ma ya fi haka araha. Bayan kamar shekara goma da ya zo ƙasar Mali da Gao sai ya tarar da wurin nan dai ana ciniki da shi, amma 1,150 kacal a dinari. Mai karatu, ka yi lissafin ribar da ke tsakani da kanka, za ka gane dalilin da ya sa fatake suka yarda su ɗauko shi a jirgin ruwa, su sauke, su ɗora wa raƙumi ya keto Sahara da shi.

Ƙasar Hausa kam bai shigo ta da wuri ba. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ne, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. Kafin nan da tufafi da gishiri da ƙarfe da dabbobi ake musaya. Ba kuma ta arewa mafi yawansa ya zo mana ba, ta kudu ya ɓullo, ta ƙasar Yarbawa da Nupe, da kuma hanyar fataken goro ta Gwanja. A nan dole in faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Turawan Holan da na Ingila ne ke sayo wurin daga Maldib ta hanyar Silon da Bangal, su zuba shi a ƙasan jirgi don ya danne shi kada ya yi tangaɗi, su kai Amsterdam da Landan, daga can su sake lodinsa zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi. Wasu masana biyu, Jan Hogendorn da Marion Johnson, da suka bi takardun kamfanonin suka wallafa littafi a 1986, sun ƙiyasta cewa tsakanin 1700 da 1790 an shigo da wuri kimanin biliyan 10. Wato farin abin nan da muke wasa da shi a kan tabarmar kakata, da yawansa kan ɗan Adam aka musanya da shi kafin ya hauro arewa.

Da ya shigo kuwa sai ya zauna daram, don ya dace da kasuwa. Ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ba ya saurin fashewa, kuma babu maƙerin da zai iya ƙera na jabu. Clapperton, Baturen da ya zo Kano a 1824, ya yaba da wannan ƙwarai. Sannan ga shi da ƙananan canji: mai wuri biyar ma yana da abin da zai saya a kasuwa. Sarakuna su ma suka samu abin karɓar haraji cikin sauƙi, har aka ce ɗan Sharefa, Sarki Kumbari, ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi sai da ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Mutanen Barno su ne suka daɗe ba su karɓe shi ba, sai wajen 1848 a zamanin Shehu Umar.

Wanda ya fi kowa bar mana lissafi shi ne Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. A lokacinsa wuri 2,500 ne dalar azurfa guda. Magidanci yana biyan kuɗin ƙasa 2,500 a shekara, kowace karofi ta marina tana biyan 700, ga karofi sama da 2,000. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Ya kuma ga yadda ake ƙirgar a Tasawa, cikin ƙasar Nijar ta yanzu, inda aka zauna ƙidayar wuri 500,000, ya ce aiki ne na mazaje. Mutanen bakin teku suna huda nasu su shirya a zare, mu kuwa a warwatse muke barinsa. Mai ƙirga zai zube shi a ƙasa, ya riƙa jan biyar-biyar da yatsunsa cikin sauri yana tara tsibi-tsibi. Ashirin ita ce hauya, ɗari zangu, dubu zambar, dubu ashirin kuma keso, wato cikin buhun tabarma guda, wanda shi ne kayan mutum ɗaya. Kakata har ta rasu ba ta iya cewa dubu goma, sai zambar goma.

Abin da ya karya wuri ɗan'uwansa ne. Akwai wani iri da ke bakin tekun Afirka ta Gabas, musamman Zanzibar, ya ɗan fi na Maldib girma da nauyi, launinsa da ɗan toka-toka, a kan doronsa akwai wani zobe ruwan lemo kamar an zana da alƙalami. Masana na ce masa annulus, wato mai zobe. A can arha yake kamar tsakuwa. Daga 1845 sai wasu 'yan kasuwar Hambog ta ƙasar Jamus suka gwada kawo shi, suka ga ya karɓu, Faransawa suka biyo su. Tsakanin 1851 da 1869 kawai an sauke sama da tan 35,000 a bakin tekun Afirka ta Yamma, mafi yawa don sayen manja. To kowa ya san abin da ke faruwa in kuɗi sun yi yawa kaya ba su ƙaru ba. Darajar wuri ta yi ta zubewa, nauyinsa kuwa yana nan. Wani Bature ɗan Ingila, Robinson, wanda ya ratso ƙasar Hausa a 1894 zuwa 1895, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka rasa yadda za su yi da shi. In sun sayar, sai sun ɗauki 'yan alaro goma sha biyar su ɗauki kuɗin, ladan 'yan alaron kuwa kafin a kai inda za a je ya cinye kuɗin dokin har da ƙari. Shi ya sa manyan fatake suka fi son riƙe dukiyarsu a tufafi da dalar azurfa da dawaki, da kuma bayi, Allah Ya kyauta, domin su suna tafiya da ƙafarsu.

Yanzu bari mu hauro kan dutse.

Tun kafin Bature, Hausawa sun san kuza. Maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi suna wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai Kano da Bida da sauran garuruwa. Irin waɗannan tsinkayen ne suka faɗa hannun ma'aikatan kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka yi ta bin sawu har suka gano tushen abin. A 1902 kamfanin ya aiko George Nicolaus ya duba, a 1903 Kanar Laws ya iso ya kafa sansani a Tilde, daga baya aka matso Naraguta. Zuwa 1910 labari ya cika Landan, kamfanoni suka yi ta ɓarkowa. Jirgin ƙasa ɗan ƙarami da aka shimfiɗo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, babban layi kuma ta Kafanchan ya iso a 1927. Cikin waɗannan shekaru ne iyayenmu da kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Zazzau da Bauchi da Katsina da Barno: lebura, heluma, mahauci, maɗinki, mai jaki, mai tuwo, malami da almajiransa.

Abin lura shi ne, daidai lokacin da ake haihuwar garin Jos, lokacin ne wuri ke shure-shuren mutuwa. A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da shi. Wajen 1908 aka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki. Anini goma ne kwabo, an kuma yi shi ne musamman don ya maye gurbin wuri wajen ƙananan ciniki. A 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma, shekarar da ta biyo aka fara ganin sulallanta. Sannu a hankali haraji ya koma sai da kuɗin ƙarfe, wanda shi ne ma ya tura dubban mutanen kan dutse, Birom da Jarawa da Angas da sauransu, zuwa ramukan kuza neman abin biya. Su dama can ba su ɗora rayuwarsu a kan wuri yadda muka yi ba. Musayar hatsi da awaki da dawaki da ƙarfen fartanya ta fi ƙarfi a wurinsu, wuri kuwa ya fi shiga kayan ado da kayan rawa, inda har gobe za ka gan shi ranar bikin al'ada.

Kamfani kuma ba zai iya biyan leburori da wuri ba ko da ya so. Ga misali. Har yau tsofaffi na tuna cewa rabin kwabo sunansa ɗari, saboda a madadin wuri ɗari ya zo. Canjin yakan bambanta daga gari zuwa gari, amma mu bi wannan: kwabo wuri 200, sule 2,400. A ce bariki guda na da lebura dubu, kowa za a ba shi sule uku a mako. Wuri miliyan 7 da dubu 200 ke nan, keso 360, wato ƙarti 360 za su hauro dutse da shi a ka kowane mako, sannan a samo masu zaman ƙirgawa. Da sule kuwa akwati ɗaya ko biyu sun isa. Saboda haka ni a ganina Jos tana cikin garuruwan farko a Arewa da aka gina kacokan a kan sule. Mutumin da ya taso yana ƙirga hauya da zangu, nan ya zo ya koyi taro da sisi da nai da fataka, ranar biya a bakin tebur ɗin akawu. In ya je ganin gida Kano ko Zariya da sulalla a lalita, sai ya tarar a kasuwar ƙauyensu har yanzu daddawa da gishiri da wuri ake sayarwa, shi kuwa ana yi masa kallon wanda ya zo da kuɗin gaske. Wannan ma na cikin abin da ya riƙa jawo samari kan dutse.

Masu canji, su kam gaba ta kai su, gobarar Titi. Suna zaune a bakin kasuwa suna karɓar wurin talaka da araha in lokacin haraji ya matso, su kuma sayar masa da tsada in yana son na cefane. Waɗanda suka ji jiki su ne masu ajiya, musamman tsofaffi da matan kulle, waɗanda suka shekara da shekaru suna kaɗi da kitso da sayar da fura, suna tarawa a tukunya suna binnewa a ɗaka. Babu wanda ya yi shela ya ce a kawo a canza. Babu banki, babu wa'adi. Gwamnati ba ta taɓa fansar wuri daga hannun jama'a ba, barinsa kawai aka yi ya mutu a tsaye. Mu da muka ga canjin kuɗi na 1984, muka kuma sha layin banki a farkon 2023, muna kuka ne alhali an ba mu ranaku da wurin kaiwa. Kakata ta ce mahaifiyarta ta bar tulu biyu cike a garinsu, wanda ta tara don kayan ɗakin 'ya'yanta, aka yi ta cewa a dakata darajarsa za ta dawo, har ranar da aka fasa aka ga ko tabarma ba zai saya ba. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne rabonta na gado.

Daga nan wuri ya koma inda muka san shi yanzu: a kitson Fulani, a jikin ƙwarya da laya da rigar maharba, a faifan masu duba da 'yan bori. 'Yan caca ma da shi suka fara, su goge doron ya zama a shafe, su watsa, a ga nawa suka kife nawa suka rigingine. Kuɗin ƙarfen da suka kore shi su ma ba su dawwama ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ɗauki sunanta daga farashinta, amma ran 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, fam da sule suka bi sawun wuri. Sai dai bakin Bahaushe ba ya saurin sakin abu. Har yau in ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi, saboda jakar fam ɗari ta zamanin Turawa. Mutanen Ghana su ma sunan kuɗinsu, sidi, wanda suka fara a 1965, daga sunan wuri ne a harshen Akan.

Gwangwanin yana hannuna yanzu. Bayan na dawo daga ɗaurin auren nan na sa jikokina suka zazzage shi muka ware. Wuri 316 ne a ciki. Masu zobe ruwan lemo, 'yan Zanzibar, su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, farare ƙanana 'yan Maldib kuwa arba'in da 'yan kai ne, duk sun sha hannu har haƙoransu sun soma shafewa. Akwai guda huɗu da aka goge wa doro, waɗanda ban san yadda aka yi suka shiga kayan kakata ba, ban kuwa ce komai ba a gaban yara. Duk wanda ke da irinsa a gida, ko ya gan shi a shimfiɗar masu kayan magani a kasuwa, ya ɗauka ya duba doron, zai san daga wane teku ya fito.